Ranar da Na Kira Mama Rifkatu Shaida

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Sabon Gari ba, ranar da na miƙe a gaban jama'a, takarda a hannu, gyale a kafaɗa, na kira shaidar da ta tona mini asiri. Babu wanda ya tilasta ni. Ni da kaina na nuna ta da yatsa, na ce a tambaye ta.

Lokacin ina aji uku a jami'a, ina karanta adabi, ina kuma ɗaukar kaina marubuciya. Ni ce irin yarinyar nan da za ta tsaya a bakin titin Samaru tana kallon yadda hayaƙin mai tsire ke murɗewa, har ɗan acaɓa ya kusa kwashe ta. Ina rubuta waƙoƙi a bayan littafin lacca, ina liƙa sharhin littattafai a allon sashenmu. 'Yan ajinmu suna kirana Mai Alƙalami (rabi yabo, rabi ba'a, amma ni yabon kawai nake ji). Kowa ya san ni da sanyin hali. Ban iya faɗa ba, ban iya ce wa mutum a'a ba. A wancan lokacin ina saka wannan cikin kyawawan halayena.

Gidanmu yana cikin birni, amma zirga-zirgar kullum ta yi mini yawa, sai Baba ya kama mini ɗaki a Samaru, a gidan wata dattijuwa da ake kira Mama Rifkatu. Kirista ce, 'yar kudancin Kaduna, ta daɗe a Zariya har Hausarta ta fi tawa gishiri. Mijinta ya rasu, ta yi ritaya daga aikin girki a wata makarantar kwana, ta zauna tana kiwon agwagi tana ba ɗalibai mata hayar ɗakuna. Baba ya zaɓi gidan ne don an ce masa matar ba ta wasa da tarbiyya.

Ranar da zan tare, Goggona ta ja ni gefe ta ce, "Kul! Kada ki kuskura ki ci yankan da ba ki san wuƙarsa ba." Baba ya ji, ya ce, "Haba, bar yarinya. Abincin Ma'abota Littafi ai halal ne." Na kawo wannan ne don kada ku yi mini uzurin jahilci. Na san hukuncin sarai. Maganar Baba ta shiga kaina, ta Goggo ta shiga cikina.

Lahadin farko, da aka taso daga sujada, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Mama ce, da ɗankwalinta na zuwa coci, riƙe da wata langa mai zanen jan fure.

"'Yata, ga ɗan abin taɓawa. Ɗalibi da yunwa ai ba sa rabuwa."

Na durƙusa na karɓa hannu biyu. Da na rufe ƙofa na ɗaga murfin, tururi ya bugi fuskata: shinkafa fara sol, miyar kaza ja wur mai ƙamshin citta, cinya guda a kwance a sama. Na kai hannu, na ji muryar Goggo. Na janye. Na zauna ina kallon abincin har ya huce. Ci ya gagare ni, mayarwa kuma ta fi ƙarfin kunyata. A bayan ɗakina akwai wani ɗan lungu da rariyar ruwan wanke-wanke ke bi. Na leƙa, ba kowa. Na juye.

Na wanke langar tas. Kun san ba a mayar da kwanon maƙwabci fanko, don haka na jefa ƙwayoyin sukari biyar a ciki, na kai mata, na ce da 'yar muryata mai taushi, "Mama, hannunki akwai albarka."

Ta yi dariya ta ce, "Allah ya sa ya zauna a jiki."

Haka muka yi kusan shekara biyu. Kowace Lahadi langa ta zo, rariya ta ci, sukari ya koma. Ban ko ba 'yan sauran ɗakunan ba, don kada magana ta zaga ta kai kunnenta. Har ranar da ta kawo faten acca wanda babu ko tsokar nama a ciki, shi ma lungun ya bi, domin zuwa lokacin ba zancen yanka ake yi ba, hannuna ne ya saba. Yabon kuwa kullum ƙara ado yake. Na taɓa ce mata miyarta tana tuna mini da ruwan farko na damina. (Ku ji fa. Miyar da ban taɓa sa wa a harshe ba.) Na guje wa abin da nake shakka, na faɗa tsundum cikin almubazzaranci da ƙarya, waɗanda babu malamin da ya taɓa shakkar haramcinsu.

Mama tana da ɗa guda, Bulus, wanda ya gama karatun wasan kwaikwayo a jami'armu. Dogo ne, marar yawan magana. Wani hutu ya ari kyamara ya tafi ƙauyensu da abokansa suka shirya fim. Ba sai na faɗi sunansa ba, bai kai kasuwa ba balle ku sani. Da ya gama haɗawa, ya shirya nuna shi a zauren wata makarantar firamare a Sabon Gari, ya gayyaci mutane su gani su tofa albarkacin bakinsu. Ya same ni ina shanya a tsakar gida.

"Mai Alƙalami, ki zo ki yi mana sharhi. Ina ganin ke za ki fi kowa gane shi."

Na ɗauki wannan a matsayin yabo. Kwana uku ina gwada yadda zan riƙe takarda a gaban madubi.

Ranar Asabar bayan azahar na shiga bas ni da ƙawata Binta. Zauren ya cika: ɗalibai, matan zumunta da suka zo mara wa Mama baya, wani Fasto, wasu ustazai daga ajinmu, da wani Alhaji dillalin kaset daga kasuwa wanda Bulus ke fatan zai sayi fim ɗin. An toshe tagogi da barguna, janareta yana gurnani a waje, zafi kamar a tanda. Wani Dakta daga sashen wasan kwaikwayo shi ne shugaban taro. Mama tana layi na biyu, ta ɗora jakarta a cinya.

Gaskiya fim ɗin ya kama ni tun daga farko. Labarin wani ƙaramin gari ne mai masallaci ɗaya da coci ɗaya da rijiya ɗaya, inda kwanuka ke tsallake katanga: naman layya ya tafi can, shinkafar Kirsimeti ta zo nan. Babu wani babban abin da ke faruwa. Wata tsohuwa tana tuƙa tuwo, liman yana gardamar taki da mai wa'azi, hasken yamma yana ratsa hayaƙin murhu. Ina ta rubutu a cikin duhu-duhu. Na rubuta cewa fim ɗin yana tafiya kamar addu'ar da ba a ɗaga murya. Na ji daɗin wannan layin ƙwarai.

Sai aka kawo wata sabuwar malamar makaranta garin, budurwa mai ladabi. Tsohuwar ta kai mata abinci. Malamar ta durƙusa ta karɓa hannu biyu. Ta rufe ƙofa. Ta zauna tana kallo. Ta zaga bayan ɗaki, ta waiga hagu ta waiga dama, ta juye.

Kyamara ta tsaya a kan shinkafar nan a ƙasa. Ba kiɗa, ba magana. Ta tsaya, ta tsaya, har wata daga cikin matan zumunta ta ce, "Kai, Yesu!" Daga nan aka nuna malamar tana wanke kwanon, tana jefa ƙwayoyin sukari a ciki.

Alƙalamina ya tsaya cak. Na ce wa zuciyata, ke, kwantar da hankalinki, kowa ma yana sa sukari a kwano. Lungun nan babu taga ko ɗaya da ke kallonsa. Dacewa ce kawai. Na saci kallon Mama, na ga tana fifita da takardar shiri hankalinta kwance. Sai tsoron ya fara rikiɗa yana zama fushi, irin fushin wanda aka taka wa gyambo a cikin taro.

Aka yaye barguna, aka fara sharhi. Dakta ya ce aikin yana da rai, amma kyamarar tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Fasto ya yaba, sai dai ya ce an yanke addu'ar cin abinci tun ba a kai amin ba. Wani ustazu ya ce wanda ya fito a liman bai iya naɗa rawani ba, kuma ya ga kamar ya sha ruwa da hagu. Alhajin kaset ya gyara babbar riga ya ce, "Yaro, ka yi ƙoƙari. Amma ba waƙa, ba rawa, ba soyayya. Wa zai ba da kuɗinsa ya kalli tsohuwa tana tuƙa tuwo? Ai akwai ta a gida." Aka fashe da dariya. Bulus yana tsaye jikin allo yana gyaɗa kai, yana rubutawa.

Sai Dakta ya ce, "To, bari mu ji daga ɓangaren adabi."

Da na karanta abin da ke takardata, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma na ninke ta. Ni da ban taɓa ɗaga wa ko kwandasta murya ba, ranar na ji wata murya tana fitowa daga bakina mai kaifi kamar sabuwar aska. Na fara da Turanci don a san na yi karatu, na sauko Hausa don a ji zafin. Na ce fim ɗin ya yi rigar zumunci amma a ciki ƙage ne. Na ce wurin zubar da abincin nan cin fuska ne.

"Babu ɗiyar Musulmi mai tarbiyya," na ce, "da za ta karɓi abincin maƙwabciyarta ta zubar. Ba a haife ta ba! Mai fim ɗin nan bai san mu ba. Ya zauna a ɗaki ne ya ƙirƙiro mu yadda yake so a gan mu."

Wasu samari a baya suka tafa. Wani ya ce, "Faɗa musu, 'yar'uwa!" Tafin nan shi ya ƙarasa ni. Binta tana jan gefen gyalena tana raɗa, "Ke, ya isa, zauna mana." Ina! Na riga na hau dokin zuciya. Mai laifi ba ya gamsuwa da a yi shiru, so yake a wanke shi a bainar jama'a.

"Kuma ba da ka nake magana ba," na ce. "Ni ɗin nan shekara biyu ke nan ina cin abincin mahaifiyarsa. Ga ta nan zaune. Ku tambaye ta!"

Zauren gaba ɗaya ya juya. Mama ta daina fifita. Ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "A bar ni, don Allah. Ni kallo na zo."

Dakta, bawan Allah, da kyakkyawar niyya ya ce, "A'a, Mama, ai an kira ki shaida. Ki ɗan ce wani abu."

Ta dubi Fasto. Ta dubi ɗanta, wanda ya kafa ido a ƙasa. Sannan ta dafa benci ta miƙe, ta dube ni. Babu fushi a fuskarta, kuma wannan ya fi komai ciwo.

"'Yata," ta ce, "da ba ki kira ni ba."

Sannan ta ci gaba.

"Ni ban yi boko mai zurfi ba, ban san sharhi ba. Kuma ba zan yi ƙarya a gaban Fasto ba, ba zan yi a bayansa ba. Abin da na sani, kowace Asabar nakan ɗauki kaza in kai wa Malam Iro na bakin kasuwa ya yanka da bisimilla. Saboda ke. Mu a gidanmu Bulus ne ke yanka. Yau ma na kai kafin in taho, tana can na rufe."

Ta ɗan tsaya ta gyara ɗaurin zane.

"Tun Lahadin farko na sani. Agwagina ne suka dawo da bakinsu ja wur da miya. Na bi sawunsu har lungun. Yanzu ma sun fi ni sanin ranar Lahadi, tun ana buga ƙararrawa suke jeruwa a wurin."

Wani ya yi dariya, guda ɗaya, ta mutu a maƙogwaronsa. Wata daga matan zumunta ta ce, "To, Mama, ke kuma me ya sa kika ci gaba da kai mata?"

"In na daina, ai za ta gane na sani," in ji Mama. "Yarinya ce mai kunya. Na ce bari in rufa mata asiri, wataƙila wata Lahadin yunwa ta kama ta, ta ɗanɗana, ta ga ba komai a ciki sai citta da albasa." Ta juya wajen Bulus. "Kai kuma na roƙe ka kada ka sa wannan a fim. Ka ga irinta."

Ta zauna. Shi ke nan.

Na karanta a littattafai ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ni simintin zauren nan na duba sosai, babu ko tsaga. Ina tsaye, takarda a ninke a hannu, da layina mai daɗi na addu'ar da ba a ɗaga murya a ciki. Samarin da suka tafa mini suna kallon rufi. Ustazun da ya yi maganar rawani ya ce a hankali, "Subhanallahi," ban san ko da wa yake ba. Alhajin kaset ne kawai ya sami abin faɗa. Ya karkato wajen Bulus ya ce, "Ka ga da wannan ka ɗauka, da na saya."

Ban san yadda na fito ba. Binta ce ta riƙe ni har tasha. Ƙaddara kuma ba ta gama da ni ba, don bas ɗin da muka shiga, Mama tana ciki. Ta ɗauke jakarta daga kujera ta ce, "Zauna nan, akwai wuri." Daga Sabon Gari har Kwangila, daga Kwangila har Samaru, kafaɗata tana gogar tata.

Washegari Lahadi. Na yi wanka da wuri, na share ɗaki, na zauna a bakin katifa. Na ƙudurta cewa idan langar nan ta zo, a gaban Mama zan zauna in cinye, har ƙashin in tauna. Na ji an taso daga sujada. Na ji ta buɗe ƙofar gida. Na ji ƙamshin citta ya cika tsakar gida. Na jira.

Ba a ƙwanƙwasa ba.

Can sai na ji hayaniya a bayan ɗaki. Na leƙa lungun. Agwagi ne, su shida, sun jeru a bakin rariya suna miƙa wuya suna dubana kamar ma'aikatan da aka hana albashi. Su kaɗai ne a duniya suka yi rashina.

Da la'asar na tattara abin da ya rage mini na fuska na je ƙofarta. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tsince acca. Na durƙusa. Duk kalmomin da nake taƙama da su suka gudu, sai kuka.

"Mama, ki yafe mini."

"Ba komai, Malama," ta ce. "Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Malama. Shekara biyu ina 'yata, rana ɗaya na sami ƙarin girma.

Na share hanci na ce, "Mama, ko akwai sauran shinkafar? Wallahi zan ci."

Ta ci gaba da tsintarta, ba ta ɗago ba. "Ayya. Na kai wa masu gadin makarantarku. Su in sun ci, nakan gani a fuskarsu."

Na ƙara zango biyu a gidan kafin in gama. Ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba. Kullum sai ta tambayi karatu, ta tambayi mutanen gida, ranar da na yi zazzaɓi ita ta raka ni asibiti. Da Babbar Sallah na kawo mata naman layya daga gida, ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta ci a gabana. Ta dawo mini da kwanon a wanke, da ƙwayoyin sukari biyar a ciki. Har yau ban san ko al'ada ta bi ba ko amsa ta ba ni. Langa mai jan fure dai ba ta sake tsallake bakin ƙofata ba. Bulus kuwa ya tafi Jos neman aiki, fim ɗin ya ƙare a cikin akwati. Sharhin gaskiya guda ɗaya da aka rubuta a kansa yana nan a ninke cikin tsohon littafina, babu wanda ya taɓa karantawa.

Mutane sukan tambaye ni me ya sa na daina rubuta sharhi. Nakan ce aiki ne ya yi yawa. Gaskiyar ita ce na gano abin da nake kira sanyin hali, tsoro ne ya yafa gyale. A'a guda ɗaya a Lahadin farko, ko tambaya guda, "Mama, wa ya yanka?", da ta ba ni amsa mun yi dariya, da na ci kaza kusan ɗari.

Yanzu idan aka ba ni abin da ba na so, nakan faɗa, ko da muryata tana rawa. Idan fim ko littafi ya ɓata mini rai fiye da kima, kafin in ɗauki alƙalami nakan fara leƙa bayan ɗakina. Kuma ku riƙe wannan daga bakin wadda ta ji a jikinta: kada ka kira mutum shaida sai ka san abin da agwaginsa suka ci.